Fotasiyom ya yi wa mahaifina yawa a jini: me ya kamata mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina yana da hawan jini da ciwon suga shekara da shekaru. Mun kai shi awon jini a nan Damagaram, aka rubuta K+ 5.9, aka ce fotasiyom ya yi masa yawa. Shi kuwa ya ce garau yake jin kansa. Kanwar da muke sa wa a miya ce ta jawo? Daga wata baiwar Allah, unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya.

Wannan “garau” ɗin da Baba yake faɗi shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Fotasiyom, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, na taruwa a jini shiru, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Wani zai ji ƙafafu sun yi nauyi, ya kasa tashi daga tabarma, ko zuciya ta riƙa tsallake bugu. Wani kuwa ba ya jin komai har zuciyar ta rikice. Da wannan sinadari tsokar zuciya take bugawa, shi ya sa jiki yake tsare shi tsakanin 3.5 da 5.0. Na Baba ya haye. Idan ya kai 6.5, maganar gaggawa ce ko da mutum na zaune yana hira.

Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi 90 cikin 100 na fotasiyom ta fitsari, kuma suga da hawan jini su ne manyan masu gajiyar da ita. Saboda haka ku koma a sake awon cikin kwana ɗaya ko biyu, a haɗa da awon ƙoda da na bugun zuciya. Wani lokaci adadin yakan hau a banza, idan an ɗaure hannu ya daɗe wurin ɗiban jini, ko kwalbar ta jima kafin a auna. Amma kada ku zauna a gida kuna fatan haka ne.

Ranar komawa, ki zuba duk magungunansa a leda ki tafi da su. Magungunan hawan jini irin su captopril, enalapril, losartan da spironolactone duk suna riƙe fotasiyom. Magunguna ne masu amfani, kada ya daina da kansa, likitansa ne zai rage ko ya sauya. Wanda nake roƙo a janye yau shi ne diclofenac da ibuprofen da ake saye a kan tebur don ciwon gwiwa, saboda su ma suna riƙe fotasiyom. Tsofaffinmu na shan su kamar gyaɗa, kuma sau da yawa ba a faɗa wa likita. Haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Kanwa kuma, yawancinta sodiyom ne, wato dangin gishiri. Tana tayar da hawan jini, don haka a rage ta. Mai fotasiyom na gaske shi ne ruwan toka, kada a sa masa a girki. A rage masa dabino, ayaba, lemu, kauɗar tumatir, wake da dankali. Dabino ya fi ba ni tsoro, don kwano guda na ƙarewa a bakin hira ba a sani ba. Dankali da ganye irin alayyafo, ki yayyanka ƙanana, ki tafasa da ruwa mai yawa, ki zubar da ruwan, sannan ki yi girkin. Kada dai a hana shi abinci gaba ɗaya har ya rame.

Idan kika ga ƙafafunsa sun saki, ko fitsari ya ragu sosai, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya suma, ku nufi babban asibitin Zinder ko da tsakar dare ne. Akwai allurar da ke kare zuciya nan take, akwai insulin da ruwan suga da ke saukar da fotasiyom cikin ƙasa da awa guda, idan ƙoda ta gaza kuma sai a yi maganar wankin ƙoda.