Matsayin dillali idan cinikin gidan gado ya rikice

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni dillalin gidaje da filaye ne a Gusau, kuma da wannan sana'a nake riƙe iyalina. Watanni huɗu da suka wuce wani bawan Allah ya ba ni tallar gidan mahaifinsu marigayi a Tudun Wada, ya ce shi ne babba, duk 'yan'uwansa sun amince, kuma in an taya naira miliyan 15 ya sallama. Na samu mai saye a kan miliyan 16, ya turo kuɗin ta asusuna, na tura wa mai gida miliyan 15, na riƙe miliyan 1 ban gaya wa kowa ba, ban da la'adar naira dubu 300 da mai saye ya ba ni. An rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa, na sa hannu a matsayin shaida. Yanzu ƙannensa mata uku sun taso sun ce ba su san da maganar ba, ko kwabo kuma bai shiga hannunsu ba. Ashe ba a ma raba gadon ba. Marigayin ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Mai saye ya kai ni wurin 'yan sanda har na kwana a can, kuma ana matsa mini in rubuta alkawarin biyan miliyan 16 ɗin gaba ɗaya, tunda ni aka tura wa kuɗin. Wanda ya sayar yana gari, amma ya ce kuɗin sun ƙare. Mene ne matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita ta alheri. Kafin mu shiga bayanin haƙƙin kowa, akwai abin da ba ya jira: kada ka sa hannu a kan wannan takardar alkawari. A yau bashin miliyan 15 yana wuyan wanda ya karɓe su ya kashe, amma ranar da ka rubuta da hannunka cewa kai za ka biya, ka ba mai saye hujjar da ba shi da ita a da. Gaskiya ne kotu tana iya yin watsi da takardar da aka sa mutum ya rubuta a cikin tilas, sai dai kai ne za ka tabbatar da tilas ɗin, kuma wannan wahala ce da za ka iya kauce mata tun yanzu.

Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wata taƙaddama wadda ba laifi ba ce, kuma kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa karɓar bashi ba aikin ɗan sanda ba ne. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauyanka, ya kuma wajabta a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, wanda a Gusau babu tantama akwai. Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, wannan magana ba ta bashi ba ce zalla. An sayar wa mutum gida da sunan cewa magada sun amince alhali ba su amince ba, don haka 'yan sanda suna da hurumin bincikar zargin zamba. Abin da ba su da hurumi a kai shi ne yanke wanda zai biya da nawa zai biya. Idan an kira ka, ka je, ka je da lauya, ka ba da bayani na gaskiya.

Tushen rikicin yana cikin gidan kansa. A shari'ar Musulunci, wadda ita ce ke hukunta gadon Musulmi a jihar Zamfara, dukiyar mamaci tana komawa ga magada daga lokacin rasuwarsa, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, kuma kowane magaji yana da rabonsa a cikin kowane ɗaki na gidan har sai an raba. Zama babban ɗa ba ya ba mutum iko a kan rabon kowa. Bisa lissafin da ka kawo, in dai iyayen marigayin ba su da rai kuma babu bashi ko wasiyya, matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, ragowar kashi bakwai kuma a raba wa 'ya'ya, namiji biyu mace ɗaya. A gidan miliyan 16, matar tana da miliyan 2, kowace 'ya mace miliyan 2, kowane ɗa namiji miliyan 4. Ke nan mutumin da ya ba ka tallar gida rubu'insa kawai ya mallaka, sauran miliyan 12 haƙƙin mutum biyar ne, huɗu daga cikinsu mata. Ina roƙonka ka dubi wannan lissafi da kyau, domin a irin wannan ciniki kusan kullum matan gida ne ake tsallakewa, suna ɗakunan aurensu a wata unguwa ko wani gari, sai dai su ji labari bayan an damƙa makulli.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, wanda ya sayar da kayan wani ba da izininsa ba cinikinsa yana rataye ne a kan yardar mai kaya: in ya zartar ya zartu, in ya ƙi ya warware. Saboda haka ƙannen nan mata suna da zaɓi, ko su amince su karɓi rabonsu na kuɗi, ko su ƙi. Ko rubu'in da yayansu ya sayar ma suna da haƙƙin shuf'a a kansa, wato su biya mai saye kuɗin wannan kaso su karɓe shi, tunda tarayya suke a gidan da ba a raba ba, kuma wata huɗu bai kai shekarar da wannan haƙƙi ke faɗuwa ba ga wanda yake gari ya kuma sani. Akwai tambaya ɗaya da ya kamata ka tuna amsarta: su wa da wa ke zaune a wurin da aka ƙulla cinikin? Mai haƙƙin da aka sayar da kayansa a gabansa ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, malaman mazhaba suna ɗaukar shirunsa yarda. Idan ƙanen mai sayarwa namiji ko matar marigayin suna wurin, matsayinsu ya bambanta da na waɗanda ba su sani ba. Idan kuma akwai ƙaramin yaro a cikin magada, rabonsa ba ya sayuwa sai ta hannun wasiyyi ko da izinin alƙali.

Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ya mallaka wa kowa abin da mai sayarwa bai mallaka ba. Haka nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 22 ya ce ba a mayar da haƙƙin fili na cikin birni ga wani sai da amincewarsa, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Idan gidan yana da takardar mallaka ta C of O, to da sunan marigayin take, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa kowa ya tambayi takardar rabon gado kafin a biya kuɗi.

Sai kuma kai. A dokar wakilci, wakilin da ya bayyana wanda yake yi wa aiki ba ya ɗaukar nauyin cinikin da kansa, mai saye yana bin mai sayarwa ne. A fiƙihu ma dillali amintacce ne, ba ya lamuncewa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Saboda haka shiga tsakani kaɗai ba ya ɗora maka miliyan 16, kuma bin kuɗin ta asusunka ba ya mayar da kai mai sayarwa, tunda takardar banki za ta nuna ranar da miliyan 15 suka fita da sunan wanda suka je wa. Abin da zai yanke makomarka shi ne abin da ka sani da abin da ka faɗa da bakinka. Akwai bambanci babba tsakanin dillalin da ya ce wa mai saye, "Ga mai gida nan, ya ce 'yan'uwansa sun amince," da wanda ya bugi ƙirji ya ce, "Alhaji, biya kawai, na san gidan nan, duk na ji ta bakinsu, in wani abu ya taso ni ne." Na biyun ya ba da tabbacin da aka dogara da shi aka fitar da kuɗi, kuma ana iya neman diyya a wurinsa ko da bai yi nufin cuta ba. Idan kuwa aka tabbatar ka san matan ba su amince ba ka ɓoye, to an shiga dokar zamba ta 2006, wadda hukuncinta ke kamawa daga shekara 7 zuwa 20 a gidan yari ba tare da zaɓin tara ba. Daga wasiƙarka ban ga alamar ka sani ba, amma lauyan mai saye zai tambaye ka dalilin da ya sa, kana sane gidan gado ne, ba ka nemi ganin ko mutum ɗaya daga cikin sauran magada ba. Ka shirya wa wannan tambaya amsa ta gaskiya.

Inda na fi jin tsoro a gare ka shi ne miliyan 1 ɗin nan. Na san ɗora wani abu a kan farashin mai kaya ya zama ruwan dare a wannan sana'a, har wasu ba sa ganinsa komai, amma doka tana ganinsa. Wakili ba ya cin ɓoyayyar riba a kan wanda ya wakilta shi. Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas cewa babu laifi mai kaya ya ce wa dillali ya sayar a kan kaza, abin da ya ƙaru nasa ne, sai dai ka lura mai kaya ne ya faɗa da bakinsa, kuma ko a hakan malamai sun yi saɓani. Kai ba a ce maka haka ba. An ce maka ne in an taya miliyan 15 an sallama, wannan kuwa ƙasan farashi ne, ba kyautar abin da ya hau ba. Kuɗin da aka ba ka domin ka isar ka riƙe wani sashe a ɓoye yana iya shiga ƙarƙashin cin amana a sashe na 311 da na 312 na Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka. Ka duba takardar cinikin ka ga adadin da aka rubuta, 15 ne ko 16, da wanda aka karanta a gaban shaidu, domin wannan zai nuna wanda ya san da ƙarin da wanda bai sani ba. Shawarata ita ce ka haɗa wannan kuɗi, ka miƙa ta hannun lauya tare da takardar karɓa: in ciniki ya tabbata na magada ne, in ya warware na mai saye ne. La'adar dubu 300 kuma an ba ka ita ne domin a samu gida, don haka in gidan bai tabbata ba ka sa a ranka za ta koma. Mutumin da ya zo da miliyan 1 da dubu 300 a hannunsa tun kafin a tilasta masa yana da bakin magana a wurin sulhu da gaban alƙali fiye da wanda aka tono asirinsa ta takardar banki.

Hanya mafi kusa ita ce sulhu, kuma kai ne ka fi kowa amfana da shi. A tara magada duka, matan su zo da kansu ko su aiko wakilai da rubutaccen izini, a zauna gaban wani babba da kowa ya yarda da shi, kamar hakimi ko limamin unguwa, lauyoyi suna wurin. Idan sun yarda a bar ciniki, yayansu ya fito da haƙƙinsu ko ya ajiye wata kadara tasa jingina, a rubuta ranakun biya. Idan ba su yarda ba, gida ya koma cikin gado, mai saye ya bi wanda ya karɓi miliyan 15, rabonsa na rubu'in gidan kuma yana nan da za a iya biyan wani sashe daga ciki. Duk abin da aka cimma a rubuta, a sa sharaɗin cewa da abin da ka mayar an sallame ka daga duk wata da'awa, sannan a kai kotu ta mayar da shi hukunci.

In sulhu ya ƙi, rabon gadon aikin Kotun Shari'a ne, taƙaddamar mallakar fili mai takardar gwamna kuwa sashe na 39 na dokar 1978 ya ba Babbar Kotun Jiha. Idan mai saye ya yi ƙararka kai kaɗai, lauyanka ya nemi a shigo da mai sayarwa cikin shari'ar. Idan kuma aka ci gaba da kira da tsarewa domin a matse kuɗi daga jikinka, kana iya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan'adam a Babbar Kotu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke jihar.

Tunda wannan sana'a za ka ci gaba da yi, ka daina karɓar kuɗin ciniki a asusunka, mai saye ya tura wa mai kaya kai tsaye, kai kuma a rubuta la'adarka da wanda zai biya ta tun ranar da aka ba ka talla. Gidan gado kada ka kai masa mai saye sai ka ga takardar rabo daga kotu, ko izinin kowane magaji a rubuce. A bincika takardun fili a hukumar ZAGIS mai kula da bayanan filaye ta jihar Zamfara, ko ma'aikatar filaye, kafin a ba da ko kafin alƙalami, kuma lauya ya rubuta takardar ciniki, domin doka ta keɓe masa rubuta irin wannan takarda a kan lada. Ka sani kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, ta kuma sa masu harkar gidaje cikin waɗanda za su yi rajista da SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram.

A wannan makon, ka karɓo cikakken bayanin asusunka daga banki na watan da aka yi ciniki, ka nemi kwafin takardar da ka sa wa hannu, kada ka goge ko saƙo ɗaya na waya ko na WhatsApp tsakaninka da mutanen biyu, musamman inda mai sayarwa ya ce 'yan'uwansa sun amince, sannan ka rubuta sunayen duk waɗanda suka halarci zaman gaban mai unguwa. Da waɗannan za ka je wurin lauya, kafin ranar da aka ce ka koma wurin 'yan sanda.