Na tura imel 300 ba wanda ya kula ni: in sayi mahaɗai kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafin intanet da nake rubutu a kan wutar sola: yadda ake zaɓen batir, lissafin yawan farantai, da kurakuran da masu haɗawa ke yi. Shekara ɗaya da rabi ke nan, rubuce-rubucena sun haura 80, amma a Google ko shafi na uku ban leƙo ba. An ce mini matsalar ita ce rashin baklink, wato ba wasu shafuka da ke sa mahaɗi zuwa nawa. Na samu jerin adireshi, na tura imel kusan 300 ina roƙo. Mutum huɗu suka amsa: uku kuɗi suka nema, ɗaya ya ce kar in ƙara turo masa. Yanzu wani ya yi mini tayin mahaɗai 2,000 cikin mako guda, wai duk daga shafuka masu DA (makin ƙarfin shafi) sama da 50, kuma wai fitowa a shafin farko na Google tabbas ne. Wallahi na gaji, ina tsoron kada wahalata ta tashi a banza. In saya? In ba haka ba, yaya ake yi mutane su sa maka mahaɗi ba tare da ka biya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka, kada ka saya. Gajiyar da ka ambata na gane ta, kuma daidai wannan gaɓar masu irin wannan tayi suke fakon mutum: ya shekara yana rubutu, ya buɗe Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, ya tarar da layin masu ziyara kwance kamar an shimfiɗa igiya. Zan zo kan yadda ake neman mahaɗi, amma sai na fara kawar da wannan tayin daga gabanka, don da wuya rana ta fito ta faɗi ba a kawo mini irinsa ba.

Mutum ɗaya, cikin kwana bakwai, ta ina zai sa masu shafuka 2,000 su karanta rubutunka a kan batir, su gamsu, su ambace ka? Manhaja gare shi. Tana bin tsofaffin shafukan da masu su suka yi watsi da su, da kundayen adireshi da ba mai buɗewa, da duk inda aka bar ƙofa a buɗe kowa zai iya yin rajista, tana liƙa adireshinka. Wanda ya ɗan fi wayo kuma garken shafuka gare shi nasa na kansa. Yakan sayi tsofaffin sunayen yanar gizo da wa'adinsu ya ƙare, ya cika su da rubutun da ba kai ba gindi, yau caca, gobe maganin rage ƙiba, jibi wutar sola. In ka biya zai turo maka takardar Excel mai layi 2,000, sai ka ji kamar an yi aiki. Ka daure ka buɗe goma daga ciki. Za ka ga sunan shafinka maƙale a tsakiyar jimlar da ba ta da ma'ana, a shafin da aka rubuta da harshen da ko haruffansa ba ka iya karantawa, sama da kai tallar bashi, ƙasa da kai tallar agogon jabu. Ba ɗan Adam ɗin da zai taɓa danna wannan mahaɗin, har da shi wanda ya sayar maka.

Maganar DA kuwa ita ce ta fi ba ni haushi, don da ita ake yi wa mutane rufa-ido. Wannan lamba, Domain Authority, ta kamfanin Moz ce. Wani kamfanin, Ahrefs, na da tasu da suke kira DR. Kintace ne da waɗannan kamfanoni ke yi da nasu lissafin, yana da amfani wajen kwatanta shafi da shafi, amma Google ba ya aiki da shi, kuma ma'aikatansa sun sha nanata haka. Lambar PageRank, ma'aunin nauyin shafi da Google ɗin kansa yake nuna wa jama'a a da, mai tashi daga 0 zuwa 10, tun 2016 ya daina nuna ta. Kuma lambar DA ana iya kumbura ta: a tara wa shafin banza mahaɗan banza, lamba ta hau, a ɗauki hotonta a nuna maka. Sai ga shi ka sayi shara da shaidar wata sharar.

Ka tuna asalin abin. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suke ɗalibai a jami'ar Stanford, kafin su kafa Google a 1998, daga al'adar masu binciken ilimi suka ɗauko tunanin: takardar da masana suka fi ambata ita ce mai nauyi, kuma ambaton babban masani ya fi na ƙarami. Mahaɗi shaida ce, wani ya tsaya a gaban masu karatunsa ya ce "je ku wurin wane, ya san abin da yake faɗa." Shaidar da aka biya aka saya kuwa kowa ya san sunanta, shaidar zur, kuma tun daga wancan lokaci Google ke faman koyon gane ta.

Manya ma da suka gwada ba su sha ba. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin JC Penney na Amurka ya mamaye matsayi na ɗaya a kan kalmomi birjik, daga riguna zuwa kayan shimfiɗa, ta hanyar dubban mahaɗai daga shafukan da ba abin da ya haɗa su da kayan da yake sayarwa. Google ya hukunta shi, a wasu kalmomin ya rikito daga na ɗaya zuwa bayan na sittin. Kamfanin ya ce bai san an yi ba, ya sallami waɗanda ya ba aikin, amma hukuncin a kansa ya sauka. A Janairun 2012 Google ya rage wa shafin manhajarsa ta Chrome matsayi har kwana 60 saboda wani kamfen na tallar kuɗi da ya saɓa wa ƙa'idarsa. In bai ɗaga wa nasa ƙafa ba, kai wane ne? A Afrilun shekarar ya fito da sabuntawar Penguin, wato gyaran lissafin bincikensa don kama mahaɗan bogi, wadda ta kwantar da shafuka masu ɗimbin yawa da suka rayu a kan irin hajar da ake tallata maka yanzu. Daga 2016 Penguin ta koma cikin ainihin lissafin Google, ta fi karkata ga yin biris da mugun mahaɗi maimakon kayar da shafin gaba ɗaya, sannan a Disambar 2022 Google ya sanar da cewa tsarinsa na SpamBrain yana gano shafukan da ke saye da waɗanda ke sayarwa.

To ɗayan biyu ne zai same ka. Ko dai Google ya ɗauki mahaɗan nan 2,000 kamar babu su, ka yi asarar kuɗinka ba ko motsi, wanda shi ne ya fi yawan faruwa a yau. Ko kuma wata rana ka tarar da saƙo a sashen hukuncin hannu (wanda ma'aikacin Google ke yankewa da kansa) na Search Console cewa an ga mahaɗai marasa asali zuwa shafinka. Daga nan sai aikin wanke-wanke: bin masu shafuka kana roƙon su cire, haɗa jerin waɗanda kake barranta da su ta hanyar Disavow da Google ya fitar a Oktoban 2012, rubuta takardar neman a sake duba ka, da zaman jira. Abin takaicin, sau da yawa irin mutanen da suka sayar da cutar su ne ke dawowa da tallar magani, wai za su "tsabtace" maka shafi. Batun "shafin farko tabbas" kuma, Google da bakinsa ya rubuta cewa ba wanda zai iya ba ka tabbacin matsayi na ɗaya. Duk wanda ya yi maka wannan alkawari, ka san da wa kake magana.

Su ukun nan da suka nemi kuɗi, biyan kuɗin talla ba laifi ba ne in an bayyana shi. Sharaɗin shi ne a yi wa mahaɗin alamar sponsored, wadda aka fito da ita a 2019, ko nofollow da ke nan tun 2005, alamomin da ke gaya wa Google kada ya ɗauki mahaɗin a matsayin shaida. In shafin yana da masu karatu na gaske da ke sha'awar sola, tallar na iya kawo maka mutane. Sai dai kada ka sa ran ta ɗaga ka a bincike.

Yanzu imel ɗinka 300. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: wanda ya ce kar ka ƙara turo masa yana da gaskiya. Ban ga wasiƙar ba, amma na san kamanninta, don ni ma suna cika mini akwati. "Ya mai girma mai shafi, na ci karo da kyakkyawan shafinka, na ƙaru matuƙa, ina da rubutu mai inganci da zai amfani masu karatunka..." Ba sunana, ba sunan rubutun da wai ya burge shi, ba abin da ke nuna ya taɓa buɗe shafin. Baƙo ne ya yi sallama, kafin a amsa ya miƙo hannu.

Rage jerin nan zuwa mutum ashirin, ko talatin in ya yi yawa. Waɗanda harkarsu ta taɓa taka amma ba kishiyoyinka ba ne: masu rubutu a kan gini da wayarin, malaman koyar da lantarki da ke tara wa ɗalibai wuraren karatu, ƙungiyoyin masu sana'ar, 'yan jaridar da ke bin labaran makamashi, kamfanonin da kake amfani da kayansu. Ka karanta abin da suke rubutawa da gaske. In wani ya yi kuskuren lissafi, tura masa gyara a asirce cikin ladabi. In ya yi tambaya a dandalin sada zumunta kuma ka san amsar, amsa masa. In rubutunsa ya amfane ka, ambace shi a naka da mahaɗi, ka sanar da shi ba tare da ka nemi komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya; so ake ranar da za ka zo da buƙata ya ga sunanka ya ce "a'a, wane ne."

In ranar ta zo, wasiƙar gajeriya ce, kuma amfaninsa ne a gaba. Misali: "Malam, a rubutunka kan girman waya, mahaɗin da ke sakin layi na huɗu ya mutu, yana kai mutum shafin 404, mai cewa ba a samu shafin ba. Na duba ma'ajiyar tsofaffin shafuka ta Wayback Machine, jadawali ne na ƙarfin batir. Ina da irinsa da na sabunta, ga shi, in ya yi maka. Ko bai yi ba, gara a gyara wancan." Shi ke nan. Ka nuna masa ɓarakar da bai sani ba, ka kawo abin toshewa, ka bar masa zaɓi. In mako ya wuce shiru, tuna masa sau ɗaya, daga nan ka ƙyale shi. Kuma kada ka tsara masa kalmomin da zai rataya mahaɗin a jikinsu. Shafuka goma su ambace ka da jimla iri ɗaya sak, wannan alamar haɗin baki ce da inji ke saurin ganewa.

Mafi sauƙin samu su ne waɗanda suka riga suka ambaci sunan shafinka ko suka ɗauki hotonka ba tare da mahaɗi ba. Nemo su, yi musu godiya, ka roƙi su ƙara.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba, wadda a ganina ta fi sauran nauyi: a cikin rubutu 80 ɗin nan, wanne ne wani marubuci zai buƙaci ya kafa hujja da shi? Bayanin "mene ne inbata" dubu sun rubuta, ba mai neman na dubu da ɗaya. Amma in ka auna batura iri uku tsawon wata shida ka fitar da alƙaluman da ka samu da hannunka, ko ka yi ɗan kalkuleta da mutum zai zuba kayan wutarsa ya ga farantai nawa yake buƙata, ko ka ɗauki hotunan haɗin da ya ƙone ka bayyana abin da ya jawo, ka ba mutane dalilin ambatonka. Ɗan jarida da ke kan gaɓar miƙa labari yana neman wanda zai ba shi bayani sahihi cikin awa biyu. In ka zama mutumin nan sau ɗaya, zai dawo.

Rubutun baƙunci a shafin wani yana nan da amfaninsa in shafin na gaske ne kuma ka ba shi abu mai kyau. Yin sa da yawa don mahaɗi kaɗai shi ne abin da Matt Cutts, shugaban sashen yaƙi da shara na Google a lokacin, ya ce ya ƙare tun Janairun 2014. Haka ma "sa mini in sa maka": tsakanin shafuka biyu masu alaƙa ba komai, amma in ya zama sana'a yana cikin abin da ƙa'idar Google ta hana.

Lissafinka ya zama na watanni. Mahaɗi uku ko huɗu na kirki a wata, ga shafi irin naka, ci gaba ne sosai. Kafin ma ka tura wasiƙar farko, leƙa rahoton shafuka a Search Console ka tabbatar Google ya shigar da rubuce-rubucen nan 80 a kundinsa, don na sha ganin wanda ke kukan rashin mahaɗi alhali rabin shafinsa ba ya cikin kundin. Shi kuwa bawan Allahn da ya ce kar ka ƙara turo masa, cire sunansa daga jerinka yau, ko wasiƙar ban-haƙuri kada ka aika masa.