Adawa ko Hamayya? Amsoshin Tambayoyinku kan Kalmomin Siyasa

Wani malamin makaranta daga Tudun Wadar Zariya ya tambaya: "Wasu gidajen rediyo suna cewa jam'iyyar adawa, wasu jam'iyyar hamayya. Wanne ne daidai?"

Malam, duka biyun sun zauna a bakin Hausawa, kuma duka aro ne daga Larabci, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Adawa tushenta ɗaya da "aduwwu", wato maƙiyi. Kafin zuwan jam'iyyu, in aka ce akwai adawa tsakanin gida biyu, gaba ake nufi, irin wadda ko gaisuwa ba a yi. Hamayya kuwa takara ce ta masu neman abu ɗaya, kamar 'ya'yan sarki biyu da kowanne ke son gadon sarauta. Ga ma'auni mai sauƙi: wanda ya tsaya zaɓe shi kaɗai ana cewa ya ci ba hamayya, ba a cewa ya ci ba adawa, domin yana iya rasa abokin karawa alhali maƙiyansa sun cika gari.

Ni hamayya na fi so a riƙa rubutawa. Wanda kunne ya saba jin ana kiransa da sunan maƙiyi, duka da ɗauri ba sa wuyar biyo bayansa. An kafa jam'iyyar hamayya ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma 'ya'yanta, da ake kira 'yan Sawaba, sun sha gidan yari a kan ra'ayi kawai. Hajiya Gambo Sawaba ta nan Zariya, shugabar matan jam'iyyar, an ɗaure ta sau da dama. Ita kalmar sawaba daga "sawab" take, wato abin da yake daidai, Hausa ta ƙara mata ma'anar sauƙi da 'yanci.

Wata ɗaliba daga Samaru ta ce: "Wace kalma muke da ita ta wajabcin shugaba ya yi wa jama'a bayanin yadda ya sarrafa dukiyarsu?"

'Yata, kalma ɗaya ba ta ɗaukar wannan kaya. Masu fassara sukan rubuta "gaskiya da riƙon amana" su tsaya, nan kuwa aka yi kuskure, domin wannan halin mutum ne, shi da Ubangijinsa. Abin da kike nema ba'asi ne, wasu su ce bahasi, daga "bahs" na Larabci mai nufin bincike. Jama'a da majalisa su ke bin ba'asi, mai riƙe da muƙami shi ke ba da ba'asi. A aikace ga yadda yake tafiya: majalisa ta amince da kasafin kuɗi, a kashe, babban mai binciken kuɗi ya duba littattafai ya miƙa rahoto, kwamitin asusun gwamnati ya kira wanda ake tuhuma ya kare kansa. A Majalisar Tarayya, bisa al'ada, ɗan jam'iyyar hamayya ake ba shugabancin wannan kwamiti, don mutum ba ya bin ba'asin kansa. Inda abin ke lalacewa shi ne rahoto ya makara shekaru, ko a yi zama a watse babu hukunci.

Karin maganar da ta dace ita ce "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Lada a nan kuɗin aiki ne, ba ladan lahira ba. Wanzami ya karɓa da hannunsa, ƙyama ba ta zama uzuri. Ƙuri'a da albashi su ne ladan.

Ƙarshen bin ba'asi shi ne tsigewa, kalmar da aka aro daga tsige gashi ko ƙaya. Gwamnan farko da aka tsige a Najeriya namu ne na tsohuwar Jihar Kaduna, Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, a watan Yuni 1981. Majalisar jihar, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, har ya sauka bai naɗa su ba. Abin da ya gudana tsakaninsu ya fi kusa da adawa a ma'anarta ta asali.

Daga Sabon Gari an tambaya ko hana mutum aiki don ba ɗan asalin jiha ba ne ya shiga cikin wariyar launin fata.

Bai shiga ba, ɗan'uwa. Wariya daga "ware" take, kamar yadda ake cewa saniyar ware, sai a faɗi abin da aka ware mutum a kansa. Wariyar launin fata ita ce irin ta Afirka ta Kudu, inda daga 1948 gwamnatin tsirarun fararen fata ta rubuta kowa a rajista bisa jinsinsa, ta raba unguwanni da makarantu, ta hana baƙar fata zaɓe, har zuwa Afrilun 1994 da Nelson Mandela ya ci zaɓen farko na kowa da kowa. Abin da kake kuka da shi zalunci ne na gaske, amma sunansa wariyar asali, ko ƙabilanci in harshe ne dalili, ko ɓangaranci in yanki ne. Ka kira shi da sunansa a takardar koke, don mai karantawa ya san abin da zai bincika.

A baki mu Zazzagawa mukan ce "wariyan", kamar yadda muke cewa "rigan" da "motan". A rubutu wariya mace ce, don haka "wariyar asali" za ka rubuta.