Amsa kan bambancin speed da pace, da ma'anar heat a tsere

Ɗan'uwa, ka tambayi bambancin speed da pace, da kuma dalilin da ya sa masu sharhi ke ta ambaton heat a gasar tsere alhali ba zafi ake yi ba.

Speed nisan da aka ci ne cikin wani lokaci, kamar kilomita 12 a awa ɗaya. Pace kuwa juya lissafin ake yi: minti nawa kake ɗauka kafin ka cinye kilomita ɗaya. Mai gudun kilomita 12 a awa, pace ɗinsa minti 5 ne. A nan mutane ke ruɗewa, domin a speed babbar lamba ce ta fi, a pace kuwa ƙaramar lamba ce gwana. Wanda agogonsa ya nuna 4:30 ya bar mai 5:00 a baya. Shi ya sa masu gudun famfalaki, mai kilomita 42.195, ba ruwansu da speed, pace suke lissafi, don wanda ya fara da wuta ba ya kai ƙarshe da ƙafarsa.

Heat zagayen tankaɗe ne, inda ake raba 'yan tsere rukuni-rukuni kafin semi-final da final. Kada ka haɗa shi da lap, wanda ke nufin kewaya fili sau ɗaya, mita 400.

False start shi ne tashi kafin harbin bindiga. Ko bayan harbin ne, in ka motsa cikin ƙasa da daƙiƙa 0.1, an kore ka, kuma tun 2010 babu afuwa ko sau ɗaya. Haka aka fitar da Usain Bolt daga wasan ƙarshe na mita 100 a Daegu ta Koriya ta Kudu a 2011.

Sai wind-aided, wato iska ta tura ka fiye da mita 2 a daƙiƙa. Tobi Amusan 'yar Najeriya ta yi daƙiƙa 12.12 a semi-final na tseren tsallake shinge na mita 100 a Amurka a 2022, ya zama tarihin duniya. A final ta yi 12.06, wanda ya fi sauri, amma ba a ƙirga shi a matsayin tarihi ba saboda iska.

Kan hanya kuwa, overspeeding da muke ji a bakin direbobi turancinmu ne na gida. In kana rubutu don jarrabawa, speeding kawai za ka sa, ita kanta ta ƙunshi wuce ƙa'ida.