Wata Huɗu Babu Albashi A Riyad: Kada Ƙanwarki Ta Bar Gidan Tukuna

Tambaya: Barista, ƙanwata tana aikatau a wani gida a Riyad, eja ne ya kai ta da bizar aiki. Wata huɗu ke nan ba a biya ta ba, fasfonta kuma yana hannun matar gidan. Mun ji an soke kafala (tsarin da ke ɗaure ma'aikaci ga wanda ya ɗauke shi aiki, wato kafili) a Saudiyya, shi ya sa muke so ta tattara kayanta ta koma wurin dangi a Jidda ta nemi wani aikin, daga baya mu kai ƙara. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, ban ga takardar kwantiraginta ba, don haka duk abin da zan faɗa ya rataya ne a kan cewa da bizar aikin gida ta shiga, kuma tana da igama, wato katin izinin zama. In bizar Umara ce ta ƙare ta zauna, magana ta sha bamban, domin hanyoyin da zan ambata kusan duk a rufe suke gare ta.

Maganar soke kafala ita ce ke jefa mata da yawa cikin wahala. Gaskiya ne a watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta wa ma'aikatan kamfanoni, aka ba su damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba sai da yardar kafili ba. Amma wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida ba. Dokar ƙwadagon ƙasar ma tun asali ta ware su gefe, wata ƙa'ida ce daban take kula da su. Saboda haka ranar da ƙanwarki ta sa ƙafa ta fice ba tare da ta shigar da koke ba, kafilinta na iya kai rahoton hurub, wato ta gudu. Daga nan, in wa'adin da ake ba ta ya cika ba ta bar ƙasar ko daidaita zamanta ba, zamanta ya zama ba bisa ƙa'ida ba, ana iya kama ta, a tsare ta a tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a maido ta gida, wataƙila da haramcin komawa. Dangin da suka ba ta masauki a Jidda su ma ba su tsira ba. Kuɗin nata ba su faɗi a doka ba, amma karɓo su daga ɗakin tsarewa abu ne mai wuya ƙwarai.

Ba wai ba ta da haƙƙi ba ne. Sabuwar ƙa'idar masu aikin gida da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ce aiki kada ya wuce awa 10 a rana, a ba ta hutun yini guda a mako da albashinsa, hutun wata guda bayan shekara biyu idan za a sabunta kwantiragi, hutun jinya har kwana 30, da ladan wata guda na sallama bayan shekara huɗu. Riƙe fasfo kuwa ba ya halatta, ko da matar gidan ta ce adana mata take yi. Wannan uzuri ya tsufa.

Abin da ya fi amfanar ku shi ne wannan: rashin biyan albashin wata uku, a jere ko a rarrabe, ba tare da laifin ma'aikaciya ba, yana cikin dalilan da hukuma kan amince a sauya mata kafili ba da yardar na farko ba. Ita kuma tana da wata huɗu. Sai dai hukuma ce ke yanke wannan bayan an kai mata koke, ba ma'aikaciya ce za ta yanke wa kanta ba.

To ta fara da hujja. Ta ɗauki hoton igamarta da kwantiragin da ke Musaned, dandalin intanet na gwamnatin Saudiyya na ɗaukar masu aikin gida, ta turo muku. Ta ajiye duk saƙon da ta nemi kuɗinta da amsar da aka ba ta. Idan ta asusu ake biyanta, kamar yadda aka wajabta wa sabbin kwantiragi tun Yulin 2024, bayanan asusun kaɗai sun nuna inda biya ya tsaya. Kada ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a kan wata takardar Larabci da ba a fassara mata ba. Sau da yawa rasidin "na karɓi haƙƙina duka" ne, kuma warware shi aiki ne ja.

Sai ta kira Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya a 19911 ko a shigar mata da koke ta intanet, a kuma sanar da ofishin jakadancin Nijeriya a Riyad a rubuce. Ofishin jakadanci ba kotu ba ne, ba zai tilasta wa kafili ya biya ba, amma yana iya tsaya mata, ya ba ta takardar dawowa in fasfon bai fito ba. Ma'aikatar za ta fara da zaman sulhu, sai abin ya faskara a tura kotun ƙwadago. A ganina a sulhun nan ya kamata ku dage: a biya bashin wata huɗu, a miƙo fasfo, sannan a zaɓi sauya kafili ko bizar fita da tikiti, duk a rubuce. Shari'a na iya jan watanni, ita kuma ba albashi, ba tabbacin wurin kwana. Kada kuma a yi jinkiri, don galibi ba a sauraron irin wannan da'awa in wata 12 suka wuce bayan rabuwa da aiki.

Akwai togaciya guda. Idan ana dukanta, ko ana kulle ta, ko akwai barazana ga mutuncinta, kada ta tsaya jiran kowa. Ta nufi 'yan sanda ko ofishin jakadanci kai tsaye, ba gidan dangi ba, domin a rubuta dalilin fitarta kafin kafili ya riga ta kai nasa rahoton.

Ejan kuma, ku rubuta masa takarda ku ba shi mako biyu ya sa baki ta ofishin da ya haɗa aikin a can. Ku nemi ya nuna lasisin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayyar Nijeriya. In ya kasa, ko aikin da albashin da ya yi alkawari sun saɓa da abin da ta tarar, ku kai maganar NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Nijeriya, tare da rasidin kuɗin da kuka biya shi.