Fatar da ban je na ga jimarta ba

Kai yaro, kana tambayata me ya sa masu saye daga Italiya suke ta tonon wa ya jeme fata, su wa ke aiki a majema, ina ruwan jima ke zuba, alhali fata suka zo saya. Ajiye wayar nan ka ji, don ka fama mini tsohon miki.

Shekarun baya na samu cinikin fatar jar akuya ta Sakkwato, jimar bagaruwa zalla, haka muka sa hannu. Aiki ya fi ƙarfin ramukan jimata, ga Sallah ta matso, sai na yanka kashi ɗaya cikin uku na ba wani majemi da muke sahu ɗaya a masallaci. Ya rantse mini, ni kuma ban taka na gani ba. Har gobe ina cizon yatsa. Wakiliyar kamfanin da ya ba ni cinikin ta zo ta zaro fata ɗaya, ta sa reza ta yanki gefe, sai ga ciki shuɗi-shuɗi. Kurom ne, wato da sinadari aka jeme ta! Bagaruwa ba ta barin wannan launi, ko ɗan koyo ya sani. Ta ce a kai ta majemar mutumin. Muka tarar da yara ƙanana tsamo-tsamo cikin ruwan sinadari, ba safar hannu, ba takalmi, tafukansu duk sun tsattsage, ruwan kuma yana bin kwata zuwa Challawa, kogin da mutane ke ban-ruwan lambu da shi. Hannayen yaran nan har yau ina ganinsu.

Ba ta ware nawa da nasa ba, duka aka mayar mini. Gonar gado na sayar na biya bashi. Shi kuwa ko "yi haƙuri" bai ce mini ba, muna haɗuwa a Ƙofar Wambai yana kawar da kai.

Tambayar tasu doka ce ke bayanta. Jamus ta fara aiki da tata a 2023, Tarayyar Turai, wadda Italiya ke cikinta, ta zartar a 2024, cewa babban kamfani sai ya bincika yadda masu kawo masa kaya ke aiki. Na yi asara, amma a nan ina ganin gaskiyarsu.

 Ku yaran yanzu hoto a WhatsApp ya ishe ku shaida. Gobe da asuba za ka je wurin wanda muka ba fata ɗari biyu, kada ka sanar da shi. Ɗauki reza, ka dubi hannun ma'aikatansa, ka bi kwatar da ƙafarka har inda ta zuba.