Lungun kicin da ke zaune banza: yadda zai koma wurin shayi da gahawa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Akwai wani lungu a kicin ɗina tsakanin firij da bango, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, ba komai a ciki sai tsofaffin robobi. Maigida ma'abocin shayi ne safe da dare, ni kuma gahawa nake sha. Ina so in mayar da wurin na haɗa shayi irin wanda nake gani a Instagram. Ta ina zan fara? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki sayi kofi ko guda ɗaya, fara duba maganar wuta, domin ita ce za ta raba miki gardama.

Butar lantarki tana cin wuta fiye da yadda mutane ke zato. Yawancinsu suna jan wat 1,500 zuwa 2,200, alhali ƙaramin janaretan nan na cikin gida bai kai 1,000 ba. Ko inbata kike da ita, buta tana zuƙe batir nan da nan. Saboda haka ki sa mai gyaran wuta ya jawo wa lungun soket nasa na kansa, mai ƙarfin amp 13, a ɗan sama da teburin da za a kafa a wurin. Don Allah kada ki haɗa buta da firij a kan wayar ƙari guda. Irin wannan haɗin ne ke narkar da roba, wani lokaci har ya kai ga gobara. Kuma tunda wutar ba kullum take nan ba, ki nemi filas mai kyau mai cin lita biyu. Da an kawo wuta, ko kin ɗora ruwa a gas, sai ki cika ta. Maigida ya dawo da dare ya samu ruwan zafi ba sai an tashi kowa ba. A ganina kuɗin filas ɗin nan ya fi na duk wani kayan ado amfani.

Sai tururi. Katakon MDF da kafintoci ke yawan amfani da shi ba ya shiri da danshi, kumbura yake ya ɓare. Ki ce a yi miki tebur mai tsayin santimita 90, a shimfiɗa tayil ko guntun dutsen giranit a kansa, sannan kantar farko ta kasance aƙalla santimita 45 sama da teburin. In za ki tafasa ruwa, jawo butar gaba kaɗan don tururin ya wuce. A bar wa firij ɗan sarari ya sha iska.

Hotunan da kike gani, kofuna a jere a buɗaɗɗiyar kanta, yawanci na ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba ne. A Kaduna, daga Disamba zuwa Fabrairu sai kin wanke kowane kofi kafin a sha. Ki bar guda huɗu ko shida da ake amfani da su kullum a kife kan faranti, sauran su shiga durowa mai ƙofa. Sukari, madarar gari da Nescafe kowanne ya samu kwalba mai murfi da ke rufuwa gam, saboda kiyashi, kuma saboda danshin damina da ke dunƙule su. Ganyen shayi da garin gahawa suna ɗaukar ƙamshin duk abin da ke kusa da su, don haka citta, kanumfari da masoro su zauna a nasu mazubin, daddawa kuwa kada ta kusanci lungun.

Game da gahawarki, ban ba ki shawarar injin mai tsada ba. Akwai tulun gilashi mai abin dannawa da ake kira French press, ba ya buƙatar lantarki. Ki zuba gari cokali biyu ga kofi ɗaya, ki bar tafasasshen ruwa ya huce kamar minti ɗaya, ki zuba, ki jira minti huɗu, ki danna a hankali. Baƙin shayi kuwa, Lipton ne ko Highland da ake nomawa a tsaunin Mambila a Taraba, ruwa mai tafasa yake so.

In maigida na shan ataya, ki ajiye masa 'yar butarsa da ƙananan kofunan a lungun, amma kurfoti ya tsaya a tsakar gida. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari ko launi, wadda ke kisa a rufaffen ɗaki.

Idan ruwan burtsatse kuke sha, za ki ga farin ɓawo na taruwa a gindin buta. Tafasa ruwa da lemun tsami a ciki yana cire shi. In kuma akwai yara a gidan, ki naɗe wayar butar ta koma can jikin bango inda hannunsu ba zai kai ba.